Magatakardan Besbol Shaida Ne, Kada a Mai da Shi Alƙali

A kowane wasan besbol na babbar gasar Amurka, MLB, akwai mutum ɗaya da ba ya taka fili, ba ya sa rigar kowace ƙungiya, 'yan kallo ma ba su san fuskarsa ba. Yana can sama a ɗakin 'yan jarida da takardarsa. Shi ne magatakardan wasa. Alƙalan da ke cikin fili su ke cewa wane ya fita, wane ya tsira. Shi kuwa nasa shi ne ya rubuta yadda aka yi, ya ba kowa rabonsa na yabo da na laifi. Wasan kan ƙare cikin awa uku ko ƙasa da haka, amma da abin da mutumin nan ya rubuta za a yi cinikin albashin ɗan wasa, da shi kuma za a auna shi da waɗanda suka buga shekara ɗari kafin a haife shi. Ranar da komai ya tafi yadda aka saba, kowa zai iya aikin. Ƙimarsa tana bayyana ne ranar da abin da ido bai saba gani ba ya auku, zuciyar dubban mutane ta karkata wuri guda, doka kuma ta nuna wani wurin. A irin wannan rana ina tare da magatakardan da ya rubuta abin da ya faru, ko da ya yi ɗaci.

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a gurguje. Ƙungiyoyi biyu ne, mutum tara-tara. Ɗaya na tsaron fili, ɗaya na turo 'yan wasanta ɗaya bayan ɗaya, kowa riƙe da sanda. Majefi ya wurgo ƙwallo, mai sanda ya nemi dukanta. In ya doke ta sai ya sheƙa zuwa zangon farko. Zanguna uku ne, na huɗu shi ne gida, inda ya taso, kuma duk wanda ya zagayo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Masu tsaro kan fitar da mutum in sun cafe ƙwallon tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko sun riga shi kai ta zangon da ya zame masa tilas ya je, ko sun taɓa shi da ita yana tsakanin zanguna, ko kuma majefi ya sa shi rashi uku. An fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Kowane ɓangare ya yi duka ya yi tsaro, turmi ya cika. Turmi tara ake yi, in an yi kunnen doki a zarce har a sami mai rinjaye.

Wanda ya kafa tubalin rubuta wasan shi ne Henry Chadwick, ɗan jaridar da aka haifa a Ingila a 1824, ya yi aikinsa a New York. Tun wajen 1859 yake buga jadawalin wasa a jarida, kuma shi ya bar wa duniya harafin K ga wanda majefi ya fitar da rashi uku. Masu tsaro kowa da lambarsa, daga 1 ta majefi zuwa 9, har ya zama in ka ga 6-4-3 a takarda ka san hannaye uku ƙwallon ta bi, aka fitar da mutum biyu a lokaci guda. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ƙa'idar da ke cikin littafin dokoki kansa, cewa dole jadawali ya daidaita. Duk wanda ya zo riƙe da sanda, ɗayan uku ne makomarsa: ya ci maki, ko an fitar da shi, ko turmi ya ƙare yana kan zango. In ka haɗa ukun nan suka saɓa da adadin waɗanda suka zo dukan, akwai ɓata a rubutun. Tamkar littafin mai kanti ne da daddare: kayan da suka fita, ko dai kuɗinsu na cikin aljihun tebur, ko sunan wanda ya ci bashi na rubuce. Wannan tilascin ne ya sa besbol ba ya iya kau da kai daga baƙon al'amari. Komai ban mamakinsa, sai an samar masa gurbi.

Dubi daren 26 ga Mayu, 1959, a Milwaukee. Harvey Haddix, majefin Pittsburgh Pirates, ya fitar da mutum 36 na Braves a jere, turmi 12 cur babu wanda ya taka zangon farko. Ba a taɓa yin haka ba kafinsa, ba a sake ba bayansa. Sai dai abokansa sun kasa ci masa ko maki ɗaya, duk da sun sami bugun tsira 12 a hannun majefin Braves, Lew Burdette. A turmi na 13 Don Hoak na Pirates ya yi mummunar jifa, Félix Mantilla ya tsira. Eddie Mathews ya sadaukar da kansa ya matsar da shi zango na biyu, aka ba Hank Aaron zangon kyauta da gangan, sai Joe Adcock ya ɗaga ƙwallon ta ƙetare katanga. A ido, an ci 3 da babu. Amma Aaron ya ɗauka ƙwallon a cikin fili ta faɗi, kuma wasa ya ƙare tunda Mantilla ya isa gida, sai ya taɓa zango na biyu ya nufi benci. Adcock na ta gudunsa ya wuce shi, doka kuwa ta ce wanda ya wuce na gabansa ya fita. A daren alƙalai suka bar shi 2 da babu. Shugaban gasar National League, Warren Giles, ya sake dubawa ya ce a'a, bugun Adcock na zango biyu ne, maki ɗaya tak aka ci.

To ka karanta layin Haddix a jadawali: bugun tsira ɗaya aka yi masa, maki ɗaya aka ci, shi ma ba a wuyansa yake ba tunda kuskuren Hoak ya haife shi, amma shi ne wanda aka kayar. Babu kalmar tausayi ko ɗaya a layin, kuma ba ya buƙatarta. Duk wanda ya iya karatu zai ga girman abin da mutumin ya yi da kuma zafin abin da ya same shi. A 1991 wani kwamitin MLB ya tsaurara ma'anar wasan da ba a yi wa majefi bugun tsira ba, sunan Haddix ya fita daga wannan jerin. Mutane da yawa sun ji haushi. Ni ina ganin daidai ne, domin an yi masa bugun, ga shi nan a rubuce.

Bayan shekara 40, a wasa na biyar na kusa da ƙarshe a 1999, Robin Ventura na New York Mets ya ƙetarar da ƙwallo a turmi na 15 da mutum uku a kan zanguna. Maki huɗu ke nan. Todd Pratt, wanda ke gabansa, murna ta ɗebe shi ya juyo ya rungume shi tsakanin zangon farko da na biyu, sauran 'yan wasa suka yi caa a kansu, Ventura bai ƙarasa zagayen ba. Aka rubuta masa bugun zango ɗaya, wasa ya tashi 4 da 3. Bahaushe ya ce shari'a saɓanin hankali, amma a nan in ka nutsu za ka ga hankalin. A besbol ba ƙwallo ke cin maki ba, ƙafa ce. Zangon da ba ka taka ba, ba naka ba ne.

An koyi wannan darasi da tsada tun 1908. Ranar 23 ga Satumba, New York Giants da Chicago Cubs na kunnen doki 1 da 1 a turmi na tara, an fitar da mutum biyu. Moose McCormick na zango na uku, Fred Merkle, yaro ɗan shekara 19, na zangon farko. Al Bridwell ya yi bugu mai kyau, McCormick ya isa gida, jama'a suka kwararo fili. Merkle ya yi abin da kowa ke yi a zamanin: ya ga an ci, sai ya juya ya nufi ɗakin sauya kaya ba tare da ya taka zango na biyu ba. Johnny Evers na Cubs ya nemo ƙwallo cikin turmutsitsin ya taka zangon. Doka ta ce in fita ta uku ta tilas ce, makin da aka ci a wannan bugu bai shiga ba. Alƙali Hank O'Day ya fitar da Merkle, kuma ba kwatsam abin ya zo masa ba, domin makonni kaɗan kafin nan Evers ya taɓa jawo hankalinsa ga irin wannan a Pittsburgh. Ƙungiyoyin biyu suka gama kakar daidai wa daida, aka sake wasan ranar 8 ga Oktoba, Cubs suka ci 4 da 2, suka je suka ɗauki kofin World Series, wanda ba su sake ɗauka ba sai 2016. Bugun Bridwell ya goge daga takarda, Merkle kuwa laƙabin wauta ya bi shi har kabari. An zalunce shi a bakin mutane, tunda al'adar manyansa ya bi. Amma O'Day bai yi laifi ba. Masu laifin su ne waɗanda suka bar doka a rubuce shekara da shekaru ba sa aiki da ita, har sai ranar da kofi ya rataya a kanta.

Yawancin dokokin da baƙo ke gani kamar neman magana ne, in ka tona za ka tarar wata ƙofar zamba aka toshe da su, ko kuwa wani tsohon tushe ne ya rage. Rashi na uku ba ya fitar da mai sanda sai macafin da ke tsugune bayansa ya riƙe ƙwallon. In ta kuɓuce, kuma zangon farko babu kowa ko an riga an fitar da biyu, mai sanda na iya rugawa. A wasa na huɗu na World Series ta 1941 Brooklyn Dodgers na gaba 4 da 3, saura mutum ɗaya, Tommy Henrich na Yankees ya kai duka ya rasa a karo na uku, ƙwallon ta zille wa macafi Mickey Owen, Yankees suka farfaɗo suka ci 7 da 4. A takarda majefi na samun K ɗinsa, amma ba a rubuta wa kowa fitarwa, shi ya sa majefi kan iya tara K huɗu a turmin da mutum uku kawai ake fitarwa. Me ya sa aka cire yanayin da zangon farko ke da mutum? Domin da ba haka ba macafi zai riƙa yar da ƙwallo da gangan ya fitar da biyu.

Wannan dalilin ne ya haifi dokar ƙwallon da ta tashi sama a cikin da'irar zanguna, wadda ke nan tun 1895. In akwai masu gudu a zangon farko da na biyu, ba a kai ga fitar da biyu ba, aka ɗaga ƙwallon da mai tsaron ciki zai iya cafewa ba da wahala ba, alƙali kan fitar da mai sanda tun ƙwallon na sama, a cafe ko kada a cafe. Ranar 5 ga Oktoba, 2012, a Atlanta, Andrelton Simmons na Atlanta ya ɗaga wata da ta yi nisa har cikin filin waje, Pete Kozma na St. Louis ya bi ta ya ja da baya a ƙarshe, ta faɗi ƙasa, alƙali Sam Holbrook ya kira dokar. 'Yan kallo suka yi ta jefo kwalabe, wasa ya tsaya minti 19. A ganina Holbrook ya bi harafin doka ya bar manufarta, domin daga wannan nisa babu wanda zai iya shirya zambar fitar da biyu. Sai dai wannan tsakaninsa da hukumarsa ne. Magatakarda ba shi da ikon saɓa wa alƙali, kuma dokar rubutu ta gaya masa abin yi: ya ba da fitarwar ga wanda ya kamata ya cafe, don lissafi ya cika.

Akwai waɗanda ba su taɓa sakamako ba amma suna nuna ƙarfin tsarin. A Satumbar 2008 Bengie Molina na San Francisco ya yi bugun da aka ɗauka bai ƙetare ba, ya tsaya a zangon farko, aka sauya shi da mai gudu Emmanuel Burriss. Da aka duba bidiyo aka ga ta ƙetare. Wanda aka cire ba ya dawowa, don haka Burriss ya ƙarasa zagayen. Molina na da bugun ƙetare a takarda, makin isa gida kuwa na Burriss ne. A 2001, a wasan share fage, jifar Randy Johnson ta yi karo da tsuntsu a sama, alƙali ya ce a ɗauka ba a yi jifar ba, domin littafin ya ba shi ikon hukunci kan abin da doka ba ta ambata ba.

Wanda ya fi gwada imanina da wannan ra'ayi shi ne na Armando Galarraga. Ranar 2 ga Yuni, 2010, a Detroit, wannan ɗan Benezuwela ya fitar da mutum 26 na Cleveland a jere. Saura ɗaya ya yi cikakken wasa, abin da zuwa 2023 sau 24 kacal aka taɓa yi a tarihin gasar. Jason Donald ya buga ta ƙasa, Miguel Cabrera ya ɗauka ya miƙa wa Galarraga a zangon farko, ya riga Donald da taku guda. Alƙali Jim Joyce ya ce ya tsira. Bidiyo ya nuna wa duniya ba haka ba ne, Joyce da kansa ya amsa cikin hawaye, washegari Galarraga ya kai masa takardar jerin 'yan wasa suka yi musabaha. Magatakardan yana da wata 'yar kafa: da ya so sai ya laƙaba wa wani kuskure, aƙalla a ce ba a yi wa Galarraga bugun tsira ba. Bai yi ba, tunda babu mai tsaron da ya yi kuskure. Kwamishina Bud Selig shi ma ya ƙi juya hukuncin.

Har yau akwai masu neman a gyara, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: fita ta ƙarshe ce, gyaran ba zai canza wanda ya ci ba. Suna kuma kawo 1983, lokacin da aka soke bugun ƙetaren George Brett saboda danƙon da ke jikin sandarsa ya wuce inci 18, sannan shugaban American League, Lee MacPhail, ya mayar masa da shi aka ƙarasa wasan bayan makonni. Amma biyun ba ɗaya ba ne. Na Brett saɓani ne kan abin da doka ke nufi da irin horon da ya dace. Na Joyce ido ne ya gaza, kuma ido ya gaza sau dubbai a tarihin wasan, galibi a kan mutanen da babu kyamarar da ta ɗauke su. In aka buɗe ƙofar don wanda labarinsa ya fi taɓa zuciya, an mai da littafin wurin rabon alfarma. Bakin alƙalami ya bushe a daren. Gyaran da ya dace shi ne wanda aka yi a 2014, da aka faɗaɗa duba bidiyo har ya haɗa da irin wannan hukunci, don kada a sake yi wa wani.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne gurbin kuskure. A nan ne aka fi cewa magatakarda ya bar abin da ya faru ya auna abin da ya kamata ya faru. Ƙwallo ta wuce mai tsaro, mai sanda ya tsira. Bugun tsira ne ko kuskure? Ma'aunin doka shi ne ƙoƙarin da matsakaicin ɗan wasa a wannan gurbi zai yi. Daga wannan hukunci guda abubuwa uku ke rataye: ƙididdigar mai sanda, mutuncin mai tsaro, da makin da za a ɗora wa majefi, domin magatakarda sai ya sake gina turmin a kansa kamar ba a yi kuskuren ba, ya ga maki nawa da an ci. Tsarin yana da gurgunta a fili. Mai tsaro mai zafin nama da ya kai ga ƙwallo ta kuɓuce masa, shi ake rubuta wa laifi. Mai nauyin jiki da bai ko isa wurin ba, takardarsa fes. Wanda ya jefa ƙwallo zangon da bai kamata ba, in jifar ta yi kyau, babu abin da za a rubuta masa, don doka ba ta hukunta kuskuren tunani.

Ranar 9 ga Mayu, 2014, Yu Darvish na Texas bai bar kowa na Boston ya taka zango ba har turmi na bakwai. David Ortiz ya ɗaga wata mai sauƙi, Rougned Odor da Alex Ríos suka bar wa juna, ta faɗi tsakaninsu babu wanda ya taɓa. Magatakarda ya rubuta kuskure a kan Ríos, kuma rubutacciyar doka ta ba shi dama, don ba ta sharɗanta sai an taɓa ƙwallo ba. Al'ada kuwa ta daɗe tana cewa wadda ba a taɓa ba bugun tsira ce. Ortiz ya ɗaukaka ƙara, bayan 'yan kwanaki ofishin MLB ya mai da shi bugun tsira. Ciwon 1908 ne bai warke ba, doka na gabas al'ada na yamma. Gaskiyar abin da ya faru a filin kuwa ita ce mutum biyu ne suka kasa magana da juna, kuma takardar ba ta da gurbin wannan. Ya kamata a ƙirƙiri kuskuren ƙungiya, wanda ba a jingina wa mutum ɗaya ba, kuma ba a ba mai sanda ladan abin da bai yi ba. Ba baƙon abu ba ne. Tun 2020, mai gudun da ake ajiyewa a zango na biyu a turmin ƙari ana lissafa shi kamar kuskure ne ya kai shi, ba tare da an ɗora wa kowa ba.

Sannan akwai matsin lamba. A ranar ƙarshe ta kakar 1910 Ty Cobb da Nap Lajoie na takarar motar da kamfanin Chalmers ya sa wa wanda ya fi kowa duka. Kocin St. Louis Browns da ke karawa da ƙungiyar Lajoie, Jack O'Connor, ya sa sabon yaronsa Red Corriden ya tsaya can baya a zango na uku, Lajoie ya yi ta gangaro ƙwallo a hankali, ya tara bugun tsira takwas a wasanni biyu. Da magatakarda ya ƙi ba shi wani guda, mataimakin koci Harry Howell ya nemi ya saye shi da sabon kwat. Ya ƙi. O'Connor da Howell suka rasa aikinsu. Shekaru da dama bayan haka 'yan jaridar da ke bin ƙungiya su ne magatakarda, su yanke wa mutum hukunci da rana su shiga neman hira da shi da yamma, sai wajen 1980 manyan jaridu suka hana ma'aikatansu. Yau MLB ce ke ɗaukar su, amma galibi mutumin gari ne da ke zama a fili ɗaya kakar duka. A Japan ma'aikatan hukumar gasa ne da ke zagayawa. Alƙalan Amurka ma zagayawa suke yi, ban ga abin da zai hana magatakarda ba.

Duk da wannan gurguntar, takardar ta fi ƙwaƙwalwar jama'a adalci. Kowa na tuna Bill Buckner na Boston da ƙwallon da ta bi ta tsakanin ƙafafunsa a wasa na shida na World Series ta 1986. Takarda ta rubuta masa kuskurensa, ba ta ɓoye ba. Amma ta kuma nuna cewa Boston na gaba 5 da 3, saura mutum ɗaya, aka yi wa majefinsu bugun tsira uku a jere, Bob Stanley ya yi jifar da ta kauce aka farke, duk kafin ƙwallon ta nufi Buckner. Ta nuna sun sake shiga gaba 3 da babu a wasa na bakwai suka zubar. Mutumin da ya yi bugun tsira 2,715 a rayuwarsa bai kayar da su shi kaɗai ba, kuma shaidar da ke wanke shi tana cikin layukan da mutane ba sa karantawa.

Kada a ɗauka ina cewa ba a taɓa littafin ne sam. Hukuncin da aka yanke a fili daban, ɓatan ƙidaya daban. Na farko ya zama ɓangaren abin da ya faru. Na biyu ƙarya ce da ta shiga bisa kuskure, kuma shaida na gari in ya gano ya yi ɓatan lissafi yakan koma ya gyara. A 1999 MLB ta ƙara wa Hack Wilson maki ɗaya cikin waɗanda ya shigar da bugunsa a 1930, daga 190 zuwa 191, bayan an gano an rubuta wa abokinsa Charlie Grimm shi. Haka ya kamata. Amma a 1981, da aka bayyana cewa a waccan kakar ta 1910 an shigar wa Cobb wasa ɗaya sau biyu, bugun tsira biyu na ƙari, Kwamishina Bowie Kuhn ya ƙi gyarawa. Adadin bugun tsiran Cobb na hukuma ya zauna a 4,191 alhali 4,189 ne. Aka yi bikin Pete Rose ya wuce shi ranar 11 ga Satumba, 1985, a Cincinnati, bayan a haƙiƙa ya riga ya wuce shi kwana uku kafin nan a Chicago. Kuhn ya kare lamba ne don mutane sun saba da ita, irin son zuciyar da masu neman a gyara wa Galarraga ke yi, sai dai ta ɗaya gefen.

Gyara mafi girma ya zo a Mayun 2024. Shekara da shekaru kafin Jackie Robinson ya shiga Dodgers a 1947, baƙaƙen fata ba su da wuri a babbar gasar, sai suka kafa nasu, Negro Leagues. A Disambar 2020 MLB ta amince cewa bakwai daga cikin gasannin nan, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasa ne, sannan kwamiti ƙarƙashin masanin tarihi John Thorn ya shigar da alƙalumansu. Josh Gibson ya hau kan kowa da bugun tsira 372 cikin kowane dubu, ya wuce 367 na Cobb. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wasu mutane sun zauna a filayen nan da fensir, jaridun baƙaƙe irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier suka buga jadawalin, masu bincike suka kwashe shekaru suna tono su. Kwamitin bai ɗauki labarin baka ba, ko da na ɗaruruwan bugun ƙetaren da ake danganta wa Gibson ne. Abin da takarda ta tabbatar shi aka ƙidaya, duk da hakan ya rage wa mutanen da aka riga aka zalunta wani abu daga haƙƙinsu. Hukumar da ta iya shigar da 'yan wasa fiye da 2,300 cikin littafinta bayan shekara 76, bisa wannan tsauraran sharaɗi, ba ta da hujjar ci gaba da riƙe wa Cobb bugu biyu da ta san sau biyu aka ƙidaya su.